Kwamfutar tebur da take ƙin tashi da safe: ta ina za a fara neman laifin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu, kuma kwamfutar da nake aiki da ita ta tebur ce, tokumbo, ta kai shekara huɗu a hannuna. Kwanan nan idan na zo da safe na danna maɓallin kunnawa, wani lokaci shiru, wani lokaci fanka ta ɗan juya ta tsaya. Sai na yi ta dannawa, ko na zare waya na mayar, ko na bar ta jone da wuta kusan rabin sa'a kafin ta tashi. Idan ta tashi kuwa, wuni take yi tana aiki lafiya lau. Abin ya ƙaru tun da sanyi ya shigo. Mai gyara ya sake ɗora Windows, ya canja RAM, ba abin da ya sauya, yanzu ya ce sai an sayi sabon madabod. Shin in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, shawarata ita ce kada ka sayi madabod tukuna, wato babban farantin nan da duk sassan kwamfuta ke jone a kansa. Yana yiwuwa daga ƙarshe laifin ya zama nasa, amma alamomin da ka lissafa sun fi karkata ga wani sashe da bai kai shi tsada ba, wato akwatin wuta da masu gyara ke kira fawa-fak, kuma babu ko ɗaya cikin gwaje-gwajen da aka yi maka da ya taɓa wannan sashen. Sake ɗora Windows ba shi da alaƙa da matsalarka, domin Windows a kan had-disk take kwance, kwamfutar da fankarta ba ta ma ɗore da juyi ba kuwa ba ta kai matakin karanta had-disk ba. Canja RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya fi wancan ma'ana, sai dai idan RAM ya lalace ko ya saki a mazauninsa, abin da aka saba gani shi ne fankoki su tashi su yi ta juyawa, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin, wani lokaci a ji 'yar ƙara tana maimaituwa daga ciki. Taka ba haka take yi ba.

Kafin komai, ranar da ta tashi ka kwashe ayyukan abokan cinikinka da duk takardar da ke da muhimmanci zuwa filas ko had-disk na waje. Irin wannan cuta ba ta warkewa da kanta; rabin sa'ar da kake jira yau za ta koma sa'a guda, wata rana kuma ta ƙi tashi gaba ɗaya, kuma wutar da ke zuwa tana yankewa a daidai lokacin tashi ba alheri ba ce ga had-disk mai faifai a ciki.

Domin ka gane dalilin zargina, sai ka san abin da ke faruwa tsakanin danna maɓalli da bayyanar rubutu a sikirin. Tun shekarar 1995 da kamfanin Intel ya fito da tsarin ƙirar kwamfutar tebur da ake kira ATX, maɓallin gaban kwamfuta ya daina zama makunnin da ke haɗa wutar bango ko yanke ta, saƙo kawai yake aikawa. Da zarar ka jona wayar kwamfuta a soket, ko ba ka danna komai ba, wani ƙaramin sashe a cikin fawa-fak yakan farka ya riƙa ba da bolt 5 ta waya mai launin shunayya, ita ce wutar jira. Matsayin wannan sashe kamar na maigadi ne a gidan da kowa ya yi barci: shi kaɗai ne idonsa biyu, idan kuwa ya gyangyaɗa, duk bugun ƙofar da za ka yi babu mai buɗewa. Wutar jiran nan ce ke ciyar da 'yar na'urar da ke kan madabod mai sauraron maɓalli. Idan ka danna, na'urar takan ja wutar da ke kan koriyar waya ƙasa zuwa kusan sifili, wannan kuwa shi ne umurnin da babban sashen fawa-fak yake jira kafin ya saki manyan layukansa, bolt 12 ta rawayar waya, bolt 5 ta jar waya, bolt 3.3 ta mai ruwan lemo. Bayan layukan sun daidaita, cikin abin da bai wuce rabin daƙiƙa ba, fawa-fak yakan aika shaida ta waya mai ruwan toka cewa wuta ta zauna, sannan ne ake barin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya fara aiki, BIOS, wato 'yar manhajar farko da ke kan madabod, ya duba RAM da sauran kaya, kana a je neman Windows.

Kowane mataki a wannan jerin yana da irin alamar da yake nunawa idan ya gaza, shi ya sa kalmar "ba ta tashi" ba ta ishi mai gyara ba sai an fayyace. Shiru gaba ɗaya yana nuni ga wutar bango, ko wayar wuta, ko wutar jira, ko maɓallin kansa. Fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya yana nufin umurnin ya isa, babban sashen ya yunƙura, amma ko dai ya kasa ɗaukar nauyin, ko ya ji alamar wayoyi sun haɗu a wani wuri ya kashe kansa don kariya. Kai kuma kana ganin alamomin nan biyu suna karɓa-karɓa, jira da wuta a jone yana magance su, sanyi yana tsananta su, kuma idan injin ya yi ɗumi komai yakan tafi daidai. Ban san wani abu a cikin kwamfuta da halinsa ya yi daidai da wannan bayanin kamar tsohuwar kafasita ba.

Kafasitocin da nake nufi su ne 'yan gwangwanayen nan masu tsaye a kan faranti, waɗanda ke ɗauke da wani ruwan sinadari a cikinsu. Aikinsu shi ne tara wuta da tace ta domin ta fito sumul. Ruwan nan yana bushewa a hankali, kuma zafi ne ke gaggauta bushewarsa. Masu ƙera su sukan rubuta cewa kafasita za ta yi, a misali, sa'a 2,000 a zafin digiri 105, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke lissafi da ita ita ce duk raguwar digiri 10 tana ninka tsawon rayuwar. Idan ka bi lissafin, wadda ke zaune a digiri 65 za ta ba da sa'a 32,000, wato ƙasa da shekara huɗu idan ba a taɓa hutar da ita ba. To ka lura da halin da sashen jira yake ciki: yana aiki muddin waya tana jone, ko da an kashe kwamfutar, kuma a wannan lokacin fankar fawa-fak ba ta juyawa, ba mai fifita shi. Kwamfutar tokumbo ta riga ta yi shekaru a wani ofis a Turai ko Amurka, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma ba kasafai ake zare waya ba, sannan ta zo ta ƙara shekara huɗu a zafin ƙasarmu da ƙurarta. Idan ruwan ya ragu, juriyar da ke cikin kafasita ga wucewar wuta takan ƙaru, sanyi kuma yana ƙara ta, ɗumi yana rage ta. Wannan ne ya sa da asubar hunturu take gazawa, bayan ta ɗan sha wuta ta yi ɗumi sai ta iya, kuma da zarar injin ya tashi zafin aikinsa yakan riƙe ta har yamma. Mutane da yawa sun san a duba kafasitar da samanta ya kumbura ko ta zubar da wani abu mai ruwan ƙasa, alamar da ta yi suna a kwamfutocin farkon shekarun 2000, lokacin da aka yi annobar miyagun kafasitoci. Amma ƙananan da ke sashen jira sukan bushe ba tare da sun kumbura ba, ido ba ya gane su, don haka "na duba ban ga komai ba" ba ya wanke su.

Akwai kuma dalilin da ya sa zare waya da mayarwa yake taimaka maka wani lokaci. Idan fawa-fak ya kashe kansa don kariya, wasu nau'o'insa sukan kulle a haka har sai an yanke musu wuta gaba ɗaya, haka nan 'yar na'urar da ke sauraron maɓalli tana iya rikicewa idan wutar jira ta zo mata ba daidai ba, sai an zare waya ta koma farko. Wannan dabara tana tayar da injin, amma ba gyara ba ce.

Duk da haka zato ba hujja ba ne, kuma bai kamata in hana ka sayen madabod bisa zaton wani, sannan in sa ka sayi fawa-fak bisa nawa zaton ba. Sai a yi gwaji, da sharuɗɗa biyu da ba na sassautawa a kansu. Na farko, a yi shi da safe a lokacin da cutar take tashe, domin duk abin da ka auna da rana bayan injin ya yi ɗumi zai nuna maka lafiya. Na biyu, a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya canja waya, ya goge RAM, ya hure ƙura a zama ɗaya, sannan kwamfutar ta tashi, bai san wanne ne ya yi aiki ba, mai yiwuwa ma babu ko ɗaya, lokacin da ya ɗauka yana yin su ne ya ishe ta yin ɗumi.

Ka fara daga bango, domin a nan gwaji ba ya cin ko sisi. Ka cire ekstenshan daga tsakani ka jona kai tsaye a soket ɗin da ka tabbatar da ƙarfinsa, ka kuma sauya wayar wutar da wata, ta manita ma takan shiga idan irin mai ramuka ukun nan ce. Ekstenshan mai araha bakinsa yakan saki ya riƙa tartsatsi, filogi mai ƙafa uku kuma yana da fiyus a ciki wanda mazauninsa kan yi tsatsa. Sai ƙarfin wutar kanta. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma tsohon samfurin fawa-fak da aka saita a kan 230 an tsara shi ya jure daga 180 zuwa 265. Idan wutar unguwarku tana faɗuwa ƙasa da haka zai yi ta yunƙuri yana kasawa. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: ka lura ko halin nata ɗaya ne a wutar NEPA da ta janareta. Idan a kan duka biyun tana ƙin tashi da safe tana tashi da hantsi, ka cire wutar bango daga zargi. Idan kana amfani da UPS ko inbata, ka gwada ba tare da su ba, domin batirin UPS da ya mutu yana hana wuta wucewa yadda ya kamata, wasu inbatoci masu araha kuma wutarsu ba ta jituwa da fawa-fak na zamani. Gargaɗi ɗaya a nan: idan akwai ɗan jan makunni a bayan fawa-fak mai rubutun 115 da 230, ka tabbatar yana kan 230 kuma kada ka matsar da shi da sunan gwaji, domin idan ya koma 115 aka ba shi wutarmu, nan take zai yi ƙara ya ƙone.

Daga nan ka zare duk abin da ke jone da kwamfutar, firinta, sikana, filas, har kibod da maus, ka bar wayar wuta kaɗai ka danna. Ka haska tocila cikin ramukan USB, musamman na gaba da ake yawan cusa musu filas a shago irin naka. Ramin da harshensa ya karye, ƙarafan ciki suka lanƙwashe suna taɓa juna, yana iya janye wutar jira ƙasa ya hana injin tashi, kuma na sha ganin an yanke wa madabod hukunci alhali laifin na rami ɗaya ne.

Gwajin maɓalli yana buƙatar buɗe murfin gefe. Ka bi siririyar wayar da ta taso daga maɓallin zuwa kan madabod, inda za ka ga an rubuta PWR SW ko makamancin haka, ka zare ta, ka taɓa haƙora biyun da ta bari da bakin sukudireba na ɗan lokaci kaɗan. Wutar da ke wurin ba ta da haɗari, abin kiyayewa shi ne kada ka taɓa wasu haƙoran da ba su ba. Idan da sukudireba tana tashi kowane lokaci, da maɓalli kuma sai ta ga dama, to maɓallin ne ya gaji, kuma za ka iya jona wayar maɓallin risit, wato mai sake tayar da kwamfuta, a madadinsa ka ci gaba da aiki. Ban sa ran haka a wurinka ba, tunda maɓalli bai san sanyi da ɗumi ba, amma gwajin minti biyu ne.

Yanzu sai awo da mita, wato na'urar hannu da masu gyara ke auna bolt da ita, kuma idan ba ka saba da ita ba ka tsaya a kan mai gyara ya yi a gabanka. A saita ta a ma'aunin wutar batir, a ɗora baƙin tsinke a kan baƙar waya ko a jikin ƙarfen akwatin, a cusa jan tsinke ta bayan babban filogi mai haƙora 24 inda waya mai launin shunayya ta shiga, filogin yana nan a jone da madabod, wuta tana jone, ba a danna komai ba. Abin da ƙa'ida ta yarda da shi daga 4.75 ne zuwa 5.25, kuma ya tsaya cak. Idan ka ga 3 da wani abu ko 4 da kaɗan, lambar tana rawa ko tana hawa a hankali yayin da mintoci ke wucewa, to ka kama mai laifi da hannunka. Idan wannan ya yi daidai, a koma kan koriyar waya: kafin dannawa za ta nuna tsakanin bolt 3 da 5, idan an danna ta faɗo kusan sifili. Koriya ta faɗo ta zauna a ƙasa amma fawa-fak bai saki komai ba, laifinsa ne. Koriya ta ƙi faɗowa alhali wutar jira tana da kyau kuma an gwada da sukudireba, sai a juya ga madabod da batirinsa. Idan injin ya tashi, a auna rawaya ta kasance tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25, mai ruwan lemo tsakanin 3.14 da 3.47. A riƙe tsinken da natsuwa, domin idan ya zame ya haɗa haƙora biyu ana iya jawo ɓarnar da ba a zo da ita ba. Ka sani kuma cewa mita matsakaicin wuta take nunawa, ba ta ganin ƙananan rawar da ke faruwa sau dubbai a daƙiƙa, saboda haka lamba marar kyau hujja ce a kan fawa-fak, amma lamba mai kyau ba ta isa ta wanke shi ba.

Akwai wani gwaji da nake so ƙwarai a irin matsalarka saboda ba ya buƙatar mita. Da safe, bayan ka tabbatar ta ƙi tashi, ka zare waya, ka hura iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi ta ragar bayan fawa-fak na minti ɗaya ko biyu, daga ɗan nesa yadda ba zai yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba, sannan ka jona ka danna. Idan ta tashi nan take, kuma gobe ka maimaita ta sake yin haka, to abin da ke ciwo yana cikin wannan akwatin.

Mai gyara zai iya ce maka ya gwada fawa-fak ɗin lafiyarsa ƙalau, domin ya haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan ƙarfe, fanka ta juya. Wannan gwaji sananne ne kuma yana da amfaninsa, amma abin da yake tabbatarwa kaɗan ne: cewa fawa-fak yana iya tashi ba tare da kaya a kansa ba. Bai ce komai ba game da ko zai ɗauki nauyin furosesa da had-disk a daƙiƙar farko, lokacin da suka fi jan wuta, kuma galibi da rana ake yin sa bayan ka ɗauko kwamfutar ta sha rana a hanya. Gwajin da ke yanke gardama shi ne a aro fawa-fak da aka san yana aiki, a jona shi, a bar kwamfutar ta kwana ba wuta, a danna da safe.

A nan sai ka duba irin kwamfutarka, domin yawancin tokumbon da ke kasuwanninmu na ofis ne, irin su Dell OptiPlex da HP da Lenovo ThinkCentre, kuma da yawa daga cikinsu ba sa bin tsarin filogi mai haƙora 24. Za ka tarar da mai 6 ko 8 ko 10 ko 14, launukan wayoyin ba lallai su yi daidai da waɗanda na ambata ba, a wasunsu ma wutar jiran bolt 12 ce. Takardar da ke manne a jikin fawa-fak za ta gaya maka layukan da yake fitarwa da lambar samfurinsa, kuma da wannan lambar za ka nemi madadinsa. Kada a tilasta filogin da ba nasa ba don kawai ya shiga. Yawancin na Dell suna da ɗan maɓalli ko 'yar fitila a bayan fawa-fak don gwada kansa, kuma yadda fitilar maɓallin gaba ke ƙyaftawa da ruwan lemo saƙo ne da littafin samfurin ya fassara, don haka ka ƙirga ƙyaftawar ka nemi ma'anarta.

Kada a manta da batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, CR2032, mai bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta, kuma a shagon da ake yanke wuta kowane dare ya fi saurin ƙarewa. Alamarsa ta farko ita ce kwanan wata ya riƙa komawa baya, amma akwai madabod ɗin da idan batirin ya yi rauni sai ya riƙa wahalar tashi. Idan ka auna ka ga ya sauka ƙasa da 2.8, ko ba ka san ranar da aka sa shi ba, ka canja shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Idan an sa lafiyayyen fawa-fak da sabon batir, aka cire kayan waje, cutar kuma ta dawo da safe kamar yadda take, a lokacin ne maganar mai gyaranka ta sami ƙafar tsayawa, kuma ko a nan akwai sauran mataki ɗaya. A fito da madabod daga akwatin a ɗora shi a kan kwali, da furosesa da fankarsa da RAM guda ɗaya kawai, a tayar da shi da sukudireba. Wannan yana fitar da laifin notin da ya faɗa ƙarƙashin faranti, ko had-disk da ke janye wuta, ko wayar gaba da ta goge tana taɓa ƙarfe. A duba filogi mai haƙora 4 ko 8 da ke kusa da furosesa, ko robarsa ta yi baƙi-baƙi alamar ƙuna, a duba kafasitocin da ke kewaye da furosesa, a hure ƙurar da ta daskare, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da laimar damina tana iya zama hanyar da wuta ke bi. Idan a kan kwali ma halin bai sauya ba, to madabod ne, sai ka auna kuɗinsa da na wata kwamfutar gaba ɗaya kafin ka yanke shawara, domin a tsofaffin samfura tazarar ba ta da yawa.

Idan kuwa fawa-fak ne, kamar yadda nake kyautata zato, kana da zaɓi biyu. Mai gyaran rediyo da talabijin da ya san aikinsa zai iya canja kafasitocin sashen jira da na bakin fita, da sharaɗin ya sa masu lamba ɗaya da tsofaffin, masu jure digiri 105, irin waɗanda aka yi don fawa-fak, ba waɗanda ya ciro daga wata matacciyar na'ura ba. Kai da kanka kada ka buɗe wannan akwatin. Babbar kafasitar da ke ciki tana riƙe sama da bolt 300, a na zamani har kusan 400, kuma tana iya ci gaba da riƙe su bayan an zare waya. Wannan wuta ce mai kisa. Zaɓi na biyu shi ne sayen wani. Kwamfutar buga takardu da ba ta da babban katin hoto ba ta buƙatar fiye da wat 250 zuwa 300, don haka kada babbar lamba a jikin kwali ta ruɗe ka, ingancin ƙira ya fi ta muhimmanci. Ka fifita wanda aka rubuta 100 zuwa 240 a jikinsa ba tare da jan makunni ba, domin ya fi jure faɗuwar wuta. Idan tokumbo za ka saya, ka tuna shi ma ya yi shekarunsa, ka yi sharaɗi da mai sayarwa cewa za ka dawo da shi idan ya gaza, kuma kada ka ɗauka an gama sai ta tashi a dannawar farko safiya uku ko huɗu a jere bayan ta kwana ba wuta.

Bayan an gyara, ka riƙa kashe soket ɗin bango idan za ka rufe shago, domin hakan yana hutar da sashen jira, yana kuma kare shi daga bugun wutar da ke dawowa da ƙarfi cikin dare da tsawar damina. Abin da zai biyo baya kawai shi ne canja batirin madabod a kan kari. A cikin BIOS akwai saitin da ke faɗa wa kwamfuta abin da za ta yi idan wuta ta dawo bayan ɗaukewa, ka sa shi a kan ta zauna a kashe, don kada ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da aka kawo wuta aka ɗauke. Ka ɗaga ta daga ƙasa zuwa kan tebur, ka bar tazara tsakanin bayanta da bango domin iska ta fita, ka hure ragar fawa-fak a farkon hunturu da ƙarshensa. Idan za ka koma kan janareta, ka bari ya tashi muryarsa ta daidaita tukuna kafin ka kunna soket ɗin kwamfuta, haka kuma ka kashe ta kafin ka kashe shi.